Darasi na 14: Haƙƙin Makafi a Cikin Jama'a

A ƙasar Hausa, in aka ambaci makaho, abin da yake fara faɗo wa yawancinmu a rai shi ne ƙofar masallacin Juma'a, da ƙoƙon bara, da yaro a gaba yana riƙe da bakin sanda. Mun saba ganin haka har mun ɗauka iyakar rabonsa ke nan a duniya. Mai hali ya jefa naira hamsin, makaho ya yi masa addu'a, kowa ya kama gabansa. Babu mai musun falalar sadaka. Amma wannan darasi a kan wani abu ne dabam, wato abin da makaho yake bin jama'a bashi, wanda bai kamata sai ya roƙa ba: gurbi a makaranta, da aikin yi, da hanyar da zai bi bai faɗa kwata ba, da ƙuri'ar da zai jefa wa wanda ransa yake so.

Daga ina makantar take zuwa?

Tsakanin 2005 da 2007 an yi babban bincike a kan lafiyar ido a duk faɗin Nijeriya. An gano cewa a cikin mutanen da suka kai shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, wato mutum fiye da miliyan ɗaya. Arewa maso gabas ce ta fi kowane yanki yawan makafi, kudu maso yamma kuma ta fi ƙaranci. Abin da ya fi ciwo a cikin sakamakon shi ne, kashi 84 cikin ɗari na wannan makanta irin wadda ake iya kauce mata ce, ko a yi maganinta.

Yanar ido ce kan gaba, ita kaɗai ta ɗauki kashi 43. Tsoho zai zauna a ɗaki shekara da shekaru ana cewa tsufa ne, alhali aikin da ba ya kai awa ɗaya zai dawo masa da ganinsa. Ana yin wannan aiki a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, da manyan asibitoci da dama. A yi hattara da masu yawo ƙauye-ƙauye suna tura yanar cikin ido da tsinke. Mutum yakan ga haske na ɗan lokaci ya yi murna, daga baya idon ya lalace yadda likita ma ba zai iya gyarawa ba.

Na biyu shi ne hawan jinin ido, wanda likitoci suke kira gilakoma. Mugun ciwo ne domin galibi ba ya zafi. Daga gefe yake fara cin gani, mutum bai ankara ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Duk wanda ya haura arba'in, musamman in akwai mai ciwon a danginsu, ya je a auna masa ido ko da lafiya ƙalau yake ji. Sai amosanin ido, wanda ƙuda da ƙarancin ruwa suke yaɗawa, har gashin ido ya juya ciki yana kankare ƙwayar. A yara kuma ƙyanda da rashin bitamin A sun makantar da da yawa, sau tari kuma maganin da aka ɗiga a gida shi yake ƙarasa ɓarnar. Akwai kuma makantar da baƙin ƙudan bakin rafi yake kawowa. Wannan kam an ci ƙarfinta a wasu wurare: a watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Jamhuriyar Nijar ta kawar da ita, ƙasa ta farko a Afirka da ta yi haka.

To, wanda ganinsa ya riga ya tafi fa, likita ya ce ba sauran abin yi? A nan aikin asibiti ya ƙare, namu ya fara. Ku kuma sani ba kowane mai lalurar gani ba ne yake cikin duhu baki ɗaya. Wani yana ganin haske da inuwa, wani yana karanta manyan baƙaƙe in ya kusanto da takarda, kamar yawancin zabiya. Su ma darasin nan ya shafe su.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Wasu suna ɗauka maganar haƙƙin makafi Turawa ne suka zo da ita. Wanda ya yi karatun allo ya san ba haka ba ne. Suratu Abasa ta sauka ne a kan sahabi makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, da ya zo neman ilimi a lokacin da ake ganawa da manyan Ƙuraishawa. Wannan bawan Allah shi ne ya zama ladani tare da Bilal, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin sa ya riƙe Madina in zai yi tafiya. Amana aka ba shi da shugabanci. Imam Shaɗibi, wanda mahaddata suke karanta littafinsa na ƙira'a har gobe, makaho ne. A Masar, Ɗaha Husaini ya makance tun yana ƙarami, ya yi digirin digirgir, ya zama ministan ilimi a 1950. A nan gida, Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Waƙar Imfiraji, tun yana yaro ya rasa ganinsa, amma waƙarsa ta shiga makarantu da gidajen rediyo, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa.

Tsarin gargajiya ma bai manta da su ba. Garuruwa da yawa suna da Sarkin Makafi da fadawansa, a Kano har akwai Unguwar Makafi. Sarkin yana sasanta rigima, yana karɓar baƙo, yana kai kukan mutanensa fada. Tsari ne da ya ba makafi murya da mutunci, kuma har yau duk mai son yin aiki da su gara ya fara ta ƙofarsa. Sai dai in za a faɗi gaskiya, a kan bara aka gina yawancinsa. Ya tsara yadda za a yi roƙo cikin ladabi, bai buɗe wa yaro makaho wata hanyar ba. Wannan giɓin ne makaranta ta zo cikewa.

Ɗigo shida

Louis Braille ɗan Faransa ne, an haife shi ranar 4 ga Janairu, 1809. Mahaifinsa baduku ne mai yin kayan doki. Yana ɗan shekara 3 ya soki idonsa da basilla a rumfar uban, ciwon ya harbi ɗaya idon, ya makance. Yana da shekara 15 ya tsara rubutun da ake karantawa da yatsa, aka buga shi a 1829. Shi ne birel.

Kowane harafi yana zaune a cikin gida mai ɗigo shida masu tudu, uku a hagu, uku a dama. Ɗigo ɗaya a saman hagu shi ne "a". In aka ƙara na ƙarƙashinsa ya zama "b". Da wannan sauye-sauye ake samun alamomi 63, waɗanda suka ishi baƙaƙe da lambobi da alamomin lissafi. Mai rubutu yana sa takarda mai kauri a cikin allon ƙarfe ko na roba, ya riƙa huda ta da ɗan tsinke daga dama zuwa hagu, sannan ya juya ta ya karanta tudun daga hagu zuwa dama. Akwai kuma keken rubutu na Perkins mai maɓalli shida na ɗigo. Ana rubuta Hausa da birel, ana rubuta Larabci, kuma akwai cikakken Alƙur'ani mai girma da birel, sai dai saboda kaurin takardar yakan zo cikin mujalladai da dama. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 4 ga Janairu a matsayin ranar birel ta duniya.

Makarantar makafi ta farko a Nijeriya ita ce ta Gindiri a Jihar Filato, wadda mishan suka buɗe a 1953. Daga cikin ɗalibanta na farko-farko akwai Bitrus Gani, wanda ƙyanda ta makantar yana yaro. Ya je Landan ya koyi aikin gashin ƙashi da motsa jiki, ya yi shekaru yana duba marasa lafiya a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma kafa cibiyar taimakon makafi a Zariya. A Jami'ar Bayero ta Kano an yi Farfesa Jibrin Isa Diso na sashen ilimi na musamman, shi ma makaho ne. Yanzu akwai makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano, akwai kwalejin horar da malaman masu buƙata ta musamman a Oyo, hukumar JAMB kuma tun 2017 take shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a a cibiyoyi na musamman.

Wayar hannu ta ƙara buɗe wata ƙofar. Wayoyin Android suna da TalkBack, iPhone tana da VoiceOver, a kwamfuta kuma akwai NVDA wadda kyauta ce. Duka suna karanta wa mutum abin da ke kan fuskar na'urar. Makaho yana tura saƙo, yana tura kuɗi, yana ciniki. Amma waya ba ta maye gurbin birel. Yaron da sauraro kaɗai ya iya bai san yadda ake haɗa baƙi da wasali ba, kuma lissafi da ka kawai yana da iyaka.

Ɗan jagora

Akwai wanda ba a cika tunawa da shi ba in ana wannan magana, shi ne yaron nan ko yarinyar da ke riƙe da bakin sanda. Galibi ɗa ne ko jika, shekarunsa ba su wuce bakwai zuwa goma sha biyu ba. Tun safe yake tafe har magariba, tsaransa suna aji. Idonsa lafiya lau, amma makantar wani ta hana shi karatu. Gida ɗaya, mutum biyu sun rasa makoma.

Maganin wannan ba a hana makaho fita ba ne. A koya masa tafiya da farar sanda. Ba irin sandar dogarawa ba ce: doguwa ce marar nauyi, ana share gaba da ita hagu da dama, tana gaya wa hannu inda rami yake, da inda tudu ya fara, da inda kwalta ta ƙare. Farinta kuma yana sanar da direba da ɗan acaɓa cewa mai ita ba ya gani. Wanda ya samu horo yana zuwa masallaci da kasuwa da wurin aiki shi kaɗai. Ranar 15 ga Oktoba ce ranar farar sanda. Sai dai sanda ba ta da amfani a unguwar da kwata take buɗe, mai shago ya baje kaya a hanyar masu ƙafa, mai gini ya juye yashi a tsakiyar lungu. Gyaran waɗannan ba sai an jira gwamnati ba. Mai unguwa da matasa sun isa.

Abin da doka ta ce

A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu buƙata ta musamman. Nijar ta tabbatar da ita a 2008, Nijeriya a 2010, Gana a 2012. Bayan doguwar fafutuka da ƙungiyoyin nakasassu suka yi, a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018. Ya kamata kowane ɗalibin ajin nan ya riƙe abin da ke cikinta.

Duk wanda ya nuna wa mutum wariya saboda nakasarsa, hukuncinsa tarar naira dubu 100, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. In kamfani ne, tarar naira miliyan 1. Mai nakasa yana da haƙƙin karatu kyauta har ƙarshen sakandare, kuma makarantun gwamnati su karɓe shi, su tanadi malamin da ya san aikin. Ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. A layi, ko na banki ko na asibiti, a fara sallamar sa. An ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara 5 su gyara yadda kowa zai iya shiga, wa'adin kuwa ya cika tun Janairun 2024. Dokar ta kuma haramta a ɗauki mai nakasa a sa shi bara, ko a riƙa yawo da shi ana tara kuɗi da sunansa. An kafa hukumar ƙasa ta kula da masu nakasa a 2020 domin ta sa ido, jihohi da dama kuma, irin su Legas da Filato da Kano da Jigawa da Kaduna, sun yi nasu dokokin.

Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba makaho damar shiga rumfar zaɓe da wanda shi da kansa ya zaɓa ya raka shi, ba wanda wakilin jam'iyya ya turo ba. Hukumar zaɓe ta fara kawo jagorar ƙuri'a mai birel, wadda ake zura takardar a ciki mutum ya dangwala shi kaɗai, an kuma yi amfani da ita a zaɓen shugaban ƙasa na 2019. Ga littattafai kuma, yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda Nijeriya ta shiga a 2017, ta halatta a mayar da littafi birel ko murya domin makafi ba tare da an jira izinin mawallafi ba.

A takarda komai ya yi kyau. Ku leƙa sakatariyar ƙaramar hukumarku ku ƙirga makafin da ke aiki a ciki, ku tambayi makarantar firamaren unguwa ko tana da allon birel ko guda ɗaya. Ku ɗauki takardar naira 100 da 200 da 500 da 1000 ku rufe ido ku shafa: girmansu ɗaya ne, makaho mai sana'a sai ya dogara da gaskiyar mai saye. Doka ba ta tashi da kanta ta je ofis. Sai wani ya ɗauke ta ya kai.

Yadda ake neman haƙƙi

A ce a unguwarku akwai yarinya makauniya mai shekara bakwai, aka kai ta firamare, shugaban makaranta ya ce ba su da yadda za su yi da ita. Galibi iyaye sukan ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, su koma gida. Nan ne kuskuren yake. Wataƙila ma shugaban ba mugunta ce ta sa shi ba, bai san dokar ba ne, kuma da gaske ba shi da kayan aiki. Sai a koma da lalama, tare da mai unguwa ko wani daga ƙungiyar iyaye da malamai. In ba a dace ba a rubuta takarda, a sa kwanan wata, a ajiye kwafi, a kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan sai hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Maganar baki iska ke ɗauke ta, takarda kuwa dole wani ya sa hannu ya karɓa. A sanar da reshen Ƙungiyar Makafi ta Nijeriya na jihar, domin sun san ƙofofin da ake bugawa. In abin ya kai ga wulaƙanci ko kora daga aiki, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, ba a biyan ko kwabo. Gidan rediyo ma makami ne, amma a bar shi sai sauran hanyoyin sun toshe.

Sharaɗi ɗaya ne ba a tsallakewa: kada a je neman haƙƙin makaho a bar shi a gida. Shi ya san inda ke yi masa ƙaiƙayi, in ya isa magana shi zai yi bayani da bakinsa, ku ku tsaya a bayansa. An sha ganin masu kyakkyawar niyya sun tara kuɗi sun sayo buhunan shinkafa, alhali abin da mutanen suke nema jari ne, ko keken rubutu, ko kuɗin motar kai yaro makaranta. Da an tambaye su da an ji.

Mata makafi sun fi shan wuya. Namiji ko ba komai yana fita, ita kuwa sau da yawa a ƙuryar ɗaki ake ajiye ta, ba karatu, ba sana'a, wani lokaci ma baƙo ba ya sanin tana gidan. Ga ɓata-gari da ke cin zarafinta domin sun san ba za ta iya nuna fuskar mai laifi ba. Matan ajin nan su suke shiga gidaje, su suka fi kowa sanin inda irin waɗannan suke.

Zaman yau da kullum

In ka tarar da makaho, yi sallama ka faɗi sunanka, kada ka ce "canki ko wane ne". Yi magana da shi kai tsaye, ba da ɗan jagoransa ba, kuma ba sai ka ɗaga murya ba, kunnensa lafiya yake. Kada ka fizgi hannunsa ko sandarsa. Tambaya ake fara yi:

"Baba, sannu da hanya. Tsallakawa za ka yi in raka ka?"

"Yawwa, yaro, Allah ya yi albarka. Bakin asibiti na nufa."

"To, kama hannuna nan saman gwiwar hannu. Akwai kwata a gabanmu, taki ɗaya ce babba."

Shi zai riƙe ka, kai kana gaba da rabin taki, jikinka yana gaya masa inda aka karkata. In kun zo matakala ka ce hawa ce ko sauka. "Nan" da "can" ba su da amfani a wurinsa, ka ce dama ko hagu, gaba ko baya. In za ka zaunar da shi, ɗora hannunsa a kan kujerar ko gefen tabarmar, sauran ya san yadda zai yi. In an kawo abinci a gaya masa abin da ke ciki da inda ruwa yake. In za ka tashi ka ce ka tafi, kada ka bar dattijo yana magana da bango. In kuwa ya ce ya gode, zai iya da kansa, to ka ƙyale shi, ba raini ba ne.

A gida, kada a riƙa sauya wa kaya wuri ba a faɗa masa ba, kada a bar ƙofa rabi a buɗe, ko turmi da bokiti a tsakar gida. Yaro makaho kuma a sa shi aiki kamar 'yan'uwansa: ya yi shara, ya wanke kwano, a aike shi shago, in ya yi laifi a yi masa faɗa. Tausayin da ke cewa "bar shi, ba ya gani" shi ke mayar da shi wanda ba ya iya komai yana da shekara ashirin.

Aiki

1. Faɗi cututtuka uku da ke kawo makanta a yankinku. Wanne ne aikin asibiti yake dawo da gani, wanne ne ba ya dawowa?
2. Zana gida mai ɗigo shida a littafinka, ka nuna "a" da "b".
3. Ku kasu biyu-biyu, ɗaya ya ɗaure idonsa da ƙyalle, ɗaya ya yi masa jagora daga aji zuwa bakin ƙofa, sannan ku yi musanya. Me jagoran ya manta bai faɗa ba?
4. Rubuta takarda mai layi goma zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku a kan yarinyar da aka ƙi karɓa a makaranta.
5. Kafin zama na gaba, ajin ya wakilta mutum uku su ziyarci Sarkin Makafi ko shugaban ƙungiyar makafi na garinku, su tambaye shi abu uku da suka fi damun mutanensa, su rubuto amsar yadda ya faɗe ta.